Wani launi ruwan goro da ke fitowa a yashin bakin teku idan ruwa ya janye: mai ne, ko me?

Mai Banda, Sekondi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiyar magana, domin abin ya shafi abincina da na 'ya'yana.

Sana'ata bandar kifi. A zangon Sekondi, nan ƙasar Gana, aka haife ni, a hannun mahaifiyata na koya, yau shekara 19 ke nan ina yi. Yawanci a nan tashar masunta ta Sekondi nake sayen kaya, amma idan kifi ya yi wuya nakan hau mota in tafi Shama, inda kogin Pra yake shiga teku. Ranar Asabar da ta wuce na je da ɗana na uku, yaro ɗan shekara 11, don ya taya ni ɗaukar kwando. Kwale-kwalen ba su dawo da wuri ba, sai muka zagaya ta ɓangaren da babu raƙuman ruwa muka zauna jira. Wajen ƙarfe 10 ruwa ya janye sosai, yashi ya fito fili, jiƙaƙƙe, fes da shi. Ina zaune ina kallo, ko awa guda ba a yi ba, sai na ga yashin yana sake launi. Tabo-tabo ne da farko, kamar inda tsofaffi suka zauna suka tofar da goro, daga baya suka haɗe suka zama shimfiɗa guda, ruwan goro mai ɗan ƙyalli. Na tashi na sa yatsa. Yana da yauƙi kamar an tsoma hannu a miyar kuɓewa, kuma a saman yashin kawai yake, da na kankare da farce sai farin yashi a ƙasa. Na sansana, ban ji warin kananzir ko na bakin mai ba, ƙarnin teku kawai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wajen ƙarfe 12 da rabi launin ya fara dusashewa, kafin a kira azahar ya tafi ɗungum. Kuma wallahi ruwa bai kai wurin ba tukuna, da sauran taku kamar goma. Ina ya je?

Na biyu, yaron nawa ya hau duwatsun da ke bakin ruwa, santsi ya kwashe shi, gwiwa ta fashe. Da na je ɗauko shi na duba dutsen, babu wata ciyawa a kai, dutse ne tsirara, amma tafin hannu ba ya tsayawa a kansa. Can sama kuma, inda ruwa ke fantsama, akwai wani baƙin layi kwance a jikin duwatsun kamar an shafa kwalta.

Tun da aka fara haƙo mai a tekunmu a 2010, duk abin da aka gani a bakin ruwa sai a ce mai ne. Ni kuma ban manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da matattun kifaye suka fito a Osu, dabbobin dolfin suka fito a Axim, hukuma ta yi gargaɗi kada a ci. Kifina lafiyayye ne, amma na yi mako biyu ina dawowa da kaya gida. Shi ya sa ban faɗa wa kowa a kasuwa ba. Idan guba ce gara in sani in daina sayen kifin wurin, ba zan ciyar da mutane abin da ba zan ba 'ya'yana ba.

Ɗan Agege:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba yaro lafiya. Ni dai a nan Legas abin da na sani shi ne dunƙulen baƙin mai da ruwa ke turowa gaɓa, yana manne wa mutum a tafin ƙafa, sabulu ba ya fitar da shi sai an sa kananzir. Tun da kin ce yana ƙyalli, ni shawarata ki ɗan dakata da kifin wurin har a gane. Rigakafi ya fi magani.

Malamin Kimiyya, Kumasi:

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma sannu da lura. Yadda kika ba da labarin, da lokacin fitowarsa da lokacin ɓacewarsa, kin riga kin yi rabin aikin. Ɗan'uwa na Agege ya yi gaskiya game da dunƙulen mai, amma mai ba ya fitowa da hantsi ya koma da azahar. Abin da kika gani mai rai ne.

Dangin gansakuka ne, irin wadda ke kore bakin rijiya da gindin randa, sai dai waɗannan ƙwayoyi ne ɗai-ɗai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana suna kiran su dayatom. Yawancinsu sai an jera goma, wasu har hamsin, kafin su cika tsawon milimita guda. Kamar ganye suke rayuwa, da hasken rana suke haɗa abincinsu, suna fitar da iskar da muke shaƙa. Koren launi na ganye yana jikinsu, amma wani launi mai ruwan zuma ya rufe shi, shi ya sa idan sun taru da yawa sai su ba da ruwan goro.

Kowace ƙwaya tana zaune cikin gida na gilashi, gilashi na gaske, daga sinadarin da ke cikin yashi take ƙera shi. Gidan ɓari biyu ne, kwano da murfinsa. Idan za ta haihu sai ta rabu biyu, ɗaya ta ɗauki murfin ta ƙera masa sabon kwano, ɗayar ta ɗauki kwanon ta mai da shi murfi ta ƙera wani ƙarami a ciki. Haka wani reshe na zuriyar zai yi ta ƙanƙancewa kamar saitin samira da ake sa wata cikin wata, har sai sun kai iyaka su yi barbara su dawo da girmansu na asali.

Waɗanda ke zama a yashi suna da wata tsaga a tsawon gidan. Ta nan suke fitar da majina su ja jiki a kanta, kamar dodon koɗi. Yauƙin da kika ji ke nan. Haske ba ya ratsa jiƙaƙƙen yashi fiye da milimita biyu ko uku, to idan ruwa ya janye da rana sai su hauro sama su sha rana, idan ruwa ya kusa dawowa sai su nutse tsakanin ƙwayoyin yashi don kada ya share su. Tafiyar duka ba ta wuce kaurin farcenki sau biyu ko uku ba, amma ta isa ta sa launi ya ɓace daga ido.

Tambayar yadda suke sanin ruwa na zuwa tun bai iso ba, ita ce ta sa wasu masana biyu, John Palmer da Frank Round, suka yi bincike a gaɓar Cape Cod ta Amurka, suka buga sakamakon a 1967. Sun ɗebi yashin da ƙwayoyin suka kai ɗakin gwaji, inda babu teku, fitila kuma a kunne dare da rana. Sama da mako guda ƙwayoyin suna haurowa daidai lokacin da ruwa ke janyewa a can gaɓar da aka ɗebo su, suna nutsewa lokacin da yake dawowa. Teku takan makara da kamar minti 50 kowace rana, su ma haka suke makara. Agogon a jikinsu yake. Ikon Allah ke nan a cikin abin da bai kai ƙwayar ƙura ba.

Ga gwajin da za ki yi da hannunki. Lokacin janyewar ruwa yana dawowa daidai inda yake bayan kamar mako biyu, to ki koma a irin wannan lokacin. Idan launin ya fito, ki kife kwano a kai, ki bar shi rabin awa, ki ɗaga. Idan su ne, za ki ga da'irar kwanon ta yi fari-fari, domin sun ga duhu sun sauka. Mai yana nan inda yake ko an rufe shi. Ki kuma duba wurin da ruwa ya ɗan kwanta, idan rana ta yi zafi za ki ga ƙananan kumfa kamar kan allura a manne da yashin, numfashinsu ne. Idan kuma kin ga wani ƙyalli mai launin bakan gizo a kan ruwa, ki soka masa tsinke. Na mai yakan murɗa ya sake haɗewa, wanda ƙwayoyin halitta suka yi yakan farfashe kamar fasasshen madubi ya tsaya a haka.

Dutsen da ya kayar da yaro, su ne dai. A can ba su da wurin nutsewa, sai su manne da majinarsu su yi wa dutsen fata siririya. Baƙin layin da ke sama kuma wasu ne dabam, masu jure bushewa da gishiri, waɗanda feshin ruwa kaɗai yake isar su. Ana samun wannan layi a gaɓar duwatsu kusan ko'ina a duniya, kuma ba ke ce ta farko da ta ɗauka kwalta ce ba.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne katantanwa. Ki duba duwatsun nan, za ki ga ƙananan dodon koɗi da wasu masu siffar malfa a manne. Su ne shanun wurin, wannan fatar suke kiwo, suna kankare ta da harshe mai haƙora kamar magogi. A 2015 masana a jami'ar Portsmouth ta Ingila suka auna haƙoran mai malfar, suka samu sun fi zaren gizo-gizo ƙarfi. Saboda kiwonsu ne kika ga dutsen tsirara. A watan Maris na 1967 wani jirgin dakon mai, Torrey Canyon, ya fashe kusa da gaɓar Cornwall a Ingila da ɗanyen mai sama da tan 100,000. Aka yi ta zuba magungunan narkar da mai a kan duwatsu, maganin ya kashe masu malfar nan. Cikin 'yan watanni duwatsun suka rufe da koriyar ciyawar ruwa shar, saboda babu mai kiwo, kuma wasu wuraren sai da suka haura shekara 10 kafin su dawo daidai. To ranar da kika je kika tarar da katantanwar sun saki dutse sun zube, kwansonsu a tare a ƙasa, wannan ranar ce ta tsoro.

Mai Banda, Sekondi:

Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Na karanta sau uku, na kuma karanta wa yaron. Katantanwa kam suna nan birjik, har ya cika aljihu da su kafin ya faɗi. Amma ban ji ka ce komai kan kifi ba. Idan kifi ya ci su fa? Babu mai guba a cikinsu?

Ɗan Zango a Italiya:

Hajiya, kafin Malam ya dawo bari in sa baki, domin a nan Janowa da nake zaune maganar ba baƙuwa ba ce. A watan Yulin 2005 mutum kusan 200 suka je asibiti a garin nan da tari, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da jan ido. Da yawansu ko ruwan ba su shiga ba, suna dai zaune a bakin teku iska tana kaɗo musu feshi. Da aka bincika sai aka gano wata ƙwaya ce mai suna Ostreopsis, da ke zama a jikin duwatsu da ciyawar ruwa, ta yi yawa saboda zafi da kwanciyar ruwa. Tun daga nan duk bazara sai ma'aikata sun ɗebi ruwa sun ƙirga ta, idan ta yi yawa a sanar da jama'a. Alamarta wata majina ce ruwan ƙasa da ke lulluɓe duwatsun da ke cikin ruwa, da kumfa a sama, wasu kuma su ce suna jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ba na ce ita kika gani ba, taki a yashi take kuma ta hau ta sauka yadda Malam ya ce. Na dai faɗa ne don a san akwai masu cutarwa a dangin.

Malamin Kimiyya, Kumasi:

Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma gara da ka faɗa. Hajiya, dangin suna da dubban iri, masu guba kaɗan ne a ciki, amma suna nan. A 1987 a tsibirin Prince Edward na Kanada mutum sama da 100 suka kwanta, aƙalla uku suka rasu, bayan sun ci wata kawa da ta tace wani irin dayatom mai guba daga ruwa. Wasu da suka tashi sun rasa iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne irin wannan guba wuta ba ta kashe ta, banda ma ba ta kashe ta, gishiri ma haka. Saboda haka kifin da aka tsinta matacce a gaɓa, ko kawar da aka ɗebo lokacin da ruwan teku kansa ya sake launi ya yi ja, kada ki saya ko da kyauta ne. Wancan na Kanada a cikin ruwa yake yawo. Masu hawa da sauka a yashi, irin naki, abinci ne. Ƙaguwa na cin su, jatan lande na cin su, ƙananan kifaye na cin su.

Kuma kina da hujja a kwandonki. Kifin nan da Turawa ke kira malet, mai yawan shiga bakin kogi yana tsalle, ki tsaga cikinsa ki duba tumbinsa. Ki dawo ki faɗa mana abin da kika gani.

Direban Faya:

Salamu alaikum. Ni teku ban taɓa ganinta ba, amma da na karanta maganar gidan gilashi sai na ce bari in yi magana, domin a kan gawarsu nake tuƙi. A arewacin Chadi, kafin ka kai Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Ƙasar wurin fara ce fat, mara nauyi, ka ɗauki dunƙule kamar bulo ka ji kamar biredi, ka murza ya zama gari. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin ƙasan tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin yake kamar teku. Ruwa ya ƙafe, kwanson waɗannan ƙwayoyi na ruwan daɗi ya rage a shimfiɗe. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta bugi wurin, idan ta tashi ko gaban mota ba ka gani, sai ka tsaya ka naɗe fuska da rawani. Ƙurar ce take tafiya kudu da yamma lokacin hunturu, wata har ta tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. To Hajiya, hazon da ke sauka a kan wayar bandarki a watan Janairu, akwai kwansonsu a ciki.

Kuma a yankin Kanem na Chadi ana cin wani ɗan'uwansu. Matan Kanembu suna kwalfar sa daga tafkunan kanwa, kore shar, su zuba a ramin yashi ya tsane, ya bushe, a yanka shi gutsi-gutsi a kai kasuwa. Dihe suke ce masa, miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. Na ci ba sau ɗaya ba.

Mai Banda, Sekondi:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da jinkiri, sai da na jira mako biyun da Malam ya ce.

Na je da yaron da wani tsohon kwanon silba. Ruwa ya janye, muka zauna, launin ya fito kamar wancan karon, har ya fi yawa. Yaron ya kife kwanon ya ɗora dutse a kai, ya riƙe wayata yana duba lokaci. Da rabin awa ta cika ya ɗaga. Malam, da'ira ce fara sol a tsakiyar ruwan goro, daidai bakin kwanon, kamar an zana da alli. Muka bar wurin a buɗe, muna tsaye a kai launin ya dawo a hankali ya cike ta. Sau uku ya maimaita a wurare dabam-dabam. Wasu mata biyu 'yan Fante da muke sayen kaya tare suka zo suna kallo, ɗayar ta ce tun tana yarinya take ganin launin nan, tun ba a san za a haƙo mai ba, ba ta dai taɓa tambayar ko mene ne ba. Kumfar ma mun gani, sai da na durƙusa har goshina ya kusa taɓa yashi.

Kifin kuma na saya guda shida na tsaga da kaina. Shekara 19 ina cire wannan abu ina jefa wa kyanwa ban taɓa buɗe shi ba. Tumbin dunƙule ne mai tauri, sak ƙundun kaza. Da na raba shi da wuƙa sai ga yashi mai laushi a cike, haɗe da wani abu ruwan goro mai yauƙi, irin wanda na shafo a yatsa. Ashe yashin yake kwasa ya niƙa gilashin ya sha abin ciki. Na daɗe a zaune da shi a tafin hannu. Kuɗin makarantar yaran nan daga kifin nan yake fitowa, kifin kuma ga abin da ya ƙosar da shi.

Ɗan'uwa na Italiya, na gode, na riƙe alamomin. Ɗan'uwa na Faya, mahaifiyata takan ce hazo daga gida yake zuwa, domin kakanninmu daga arewa suka sauko da fataucin goro. Zan faɗa mata abin da ke cikinsa.

Saura tambaya guda, Malam, kuma ita ce ke damuna yanzu. Ruwan Pra ya zama kamar kunu saboda masu haƙar zinariya a can sama, kowa ya san wannan. Na lura ta ɓangaren da ruwan kogin ya fi kwantar da laka, launin bai fito sosai ba, sai ta inda ruwan teku ke wanke yashi. Tun da ka ce da haske suke rayuwa kuma tafiyarsu ba ta wuce kaurin farce sau biyu ko uku ba, idan sabuwar laka tana sauka a kansu kullum, suna iya haurowa ta cikinta? Na ɗebo yashin wurare biyun a robobi dabam-dabam, na rubuta a jikin kowace. Yaron ya ce akwai madubin likita guda a makarantarsu, ranar Litinin zai roƙi malaminsu ya duba mana.